Rijiyar da Ba Ta da Uba

Bazarar bana ta zo da mugun hali. Nan Tawa famfon gidanmu ya kwana biyu ba ya ba da komai sai tari, 'yan ga-ruwa kuwa sun zama manyan mutane, sai ka yi ta kira kafin su waiwayo. Ina zaune a rumfa ina fifita, jikata Rabi tana ta mita wai ba ta yi wanka ba tun jiya, sai ga ɗana Audi ya yi sallama. Daga ƙauye yake, ya biya kasuwa, ga farin zakara a hammatarsa an ɗaure masa ƙafafu da tsumma.

Ya durƙusa ya gaishe ni, gemun nan nasa ya yi fari fat. Ya ce, "Inna, lokaci ya yi. Ruwa ya ja baya, yashi ya taso. Jibi muke son a sauka."

Na karɓi zakaran na duba idonsa, na buɗe bakinsa, na ji yadda yake harbi a hannuna. Na ce ya yi.

Rabi ta kwashe da dariya. "Kai Kaka! Wai har yanzu sai an ɗauke ki a mota an kai ki ƙauye saboda kaza?"

Na ce mata ta rufe mini baki, mara kunya. Amma da na ga Audi ya sunkuyar da kai, sai na ce ta jawo tabarma ta zauna. Abin da na gaya mata shi ne wannan.

An kai ni gidan miji a shekarun farko bayan Faransawa sun ba da mulki. Ƙauye ne arewa da Barmu, a gindin wani tudu mai baƙaƙen duwatsu. Sunan maigidana ba zan faɗa ba. Ban faɗa ba yana raye, ba yau zan fara ba. Gidansu gidan rijiya ne. A ƙasarmu ta Adar a wancan lokaci kowace rijiya da ubanta, wato zuriyar wanda ya haƙa ta. Sha dai kowa na sha, ɗan gari da baƙo, Buzaye da raƙumansu, ba a hana kowa. Amma sauka ciki, da yashe ta, da sake itatuwan da suka tokare bangonta, wannan gado ne kamar ƙira ko wanzanci. Wanda ba ɗan gidan ba, ko saniya za a ba shi ba ya sa ƙafarsa.

Rijiyar garinmu tana can ƙasa cikin kwari, tsohuwa ce ƙwarai, igiya ta ci itatuwan bakinta har ta yi musu layi-layi masu zurfi. Surukina, wanda nake kira Baba, shi ne ubanta. Kuma rijiyar nan tana numfashi. Wallahi tana yi. Idan ka leƙa da tsakar rana sai ka ji wani sanyi ya taso ya shafi fuskarka, da ƙanshin jiƙaƙƙen yumɓu. An ce akwai mai wurin a ciki. Ba a kiran sunansa, ba a kwatanta shi. Inna, uwar maigidana, ta ce mini kakansu da ya haƙa ta a can ya same shi, suka yi zaman mutunci.

Kowace shekara, idan an gama kaka an rufe rumbuna, Baba zai kira gayya. Mata mu yi tuwo, mu dama fura, maza su kama igiya. Amma kafin kowa ya sauka sai an tambayi mai wurin. Za a sa farin zakara cikin kwando a zura shi har dab da ruwa, a bar shi gwargwadon a sha fura a wanke ƙwarya, sannan a jawo. Idan ya fito idonsa garau, an yarda, sai a sauka. Idan ya fito ya yi laushi, mai wurin ya yi fushi. Sai a saro rassan sabara da kalgo masu ganye, a ɗaure a igiya, a yi ta zurawa ana jawowa, ana yi masa fifita har ya huce, sannan a sake tambaya. Ba a yanka zakaran, ba a zubar da jini, shi ya sa Liman yake kau da kai. Sau ɗaya na ga gayyar nan da cikarta, shekarar da aka kawo ni.

Ranin da ya biyo baya sai ga mutanen gwamnati a kamyo, babbar motar kaya, da siminti da ƙarafa. Suka kafa zango a fako, dab da gidaje. Waɗansu Zabarmanci suke yi, waɗansu Faransanci, tuwonmu dai duk sun iya cinsa. Rani guda suka yi suna haƙa suna zuba siminti, har suka cim ma ruwa. Rijiya ta fito fara sol, bakinta ya kai ƙugun mutum, ga komayen shayar da dabbobi su ma na siminti. Ranar buɗewa har manya suka zo daga Tawa, aka yi kiɗa, muka yi guɗa har muryarmu ta dushe.

Ina kusa lokacin da Baba ya je wurin babban ma'aikatan, ya gaishe shi ya ce, "To, wa kunka bar ma ita?"

Mutumin ya yi murmushi, mutumin kirki ne, ya ce, "Ta kowa ce, tsoho. Siminti ne, ba ta bukatar komai. In wani abu ya faru gwamnati na nan."

Baba ya ce, "Ta kowa." Ya gyaɗa kai ya koma gefe.

Mu mata kam mun so ta, ba zan yi ƙarya ba. Wa zai ƙi? Babu gangarawa kwari, babu hawan tudu da tulu a ka. Kana iya ɗora tukunya a wuta ka je ka ɗebo ka dawo ba ta tafasa ba. Da kaka ta zo Baba ya kira gayyar tsohuwar rijiya, tsofaffi kaɗan suka fito, aka yi abin da aka iya. Shekara ta gaba daga shi sai ɗansa, mutum biyu kuwa ba sa yashe rijiya. Kowa ka tambaya sai ya ce, haba, ga ta siminti. Da damina ruwa ya kwararo daga tudu ya shiga bakinta, itatuwan da ba a sake ba suka karye, ta rufta gaba ɗaya. Baba ya wuni zaune a bakin ramin. Da ya dawo gida abin da ya ce kawai shi ne, "Ya tashi." Ranar bai ci tuwo ba.

Daminar nan ma da ta kashe mana rijiya ba ta yi mana hatsi ba. Ta zo da haukanta a farko, ta ɗauke tun gero bai yi ido ba. Maza suka fita bida, wato ci-rani, da wuri, wasu Kurmi, wasu inda ƙafa ta kai su, gari ya rage mata da tsofaffi da yara. Maigidana bai tafi ba shekarar, saboda ina da ciki, na fari, kuma Baba ƙarfinsa ya fara ja baya.

Tun sanyi bai gama fita ba guga ya fara dawowa rabi. Daga nan sai ruwa mai yashi, sai ka bar shi ya kwanta kafin ka sha. Ashe ita ma ta siminti yashi na taso mata daga ƙasa kamar kowace rijiya. Maigari ya aika Tawa, aka ce ana zuwa. Ya sake aikawa, aka ce ana zuwa. Mutane suka taru suka zo wurin Baba.

Ya ce, "Ba gadonmu ba ce. Ban san cikinta ba, ubana bai san cikinta ba. Masu ita su zo."

Babu wanda ya ga laifinsa, domin haka muka sani. Kowa ya koma gida yana jiran masu ita.

Ana cikin haka akuyar wani Buzu mai suna Agali ta hau bakin simintin tana neman laima, ta zame ta faɗa. Aka yi ta jefa ƙugiya, ba a kamo ta ba. Kafin mako ya zagayo ɗan ruwan da ya rage ya yi ɗoyi, ko jaki ba ya sha. Maigari ya sa aka rufe bakin da zana da itatuwa, aka kewaye da ƙaya don kada yaro ya bi akuya. Haka ta zauna a rufe har bazara ta shigo.

Wurin nan da ake wuni ana hayaniya ya koma shiru. Kurciyoyin da ke sauka shan ruwan da ya zube suka daina zuwa, ƙudan zuma ma suka watse. Farar rijiya kawai a tsakiyar fako, rana na dukanta, tana ƙyalli har ido ba ya son kallo. Jakai idan sun zo wucewa sai su yi kwana su bi nesa, ba wanda ya koya musu. Yara suka ce da tsakar rana ana jin kukan akuya a ƙarƙashin zanar. Muka zage su. Amma wata rana na bi ta wurin ni kaɗai, kuma na ji wani abu. Ko akuya ce, ko zafi ne ya shiga kunnena, oho. Na dai ɗaga ƙafa, ban sake bin hanyar ba.

Ruwa sai a wata ƙorama mai nisa, busasshiya. Muna idar da sallar asuba mu ɗau tuluna mu kama hanya, cikin duwatsu, a jere, ba mai magana don kada bakinta ya bushe. Idan mun isa kowace ta tona rairayi da ƙoƙo har tsawon hannu, ta zauna tana kallon rami yana tsatso ruwa kaɗan-kaɗan. Kafin tulu ya cika rana ta take. Dawowar ita ce azaba. Duwatsun Adar idan sun sha rana sai su ƙona ka ta cikin takalmi. Tulu ɗaya shi ne na sha, shi ne na tuwo. Ruwan wankin hatsi a ba akuya. Alwala kam tun tuni muka koma taimama. Ga anza cike da daji, abincin da ke ceton mutane in hatsi ya yi kaɗan, amma 'ya'yanta sai an jiƙa an sake ruwa an sake kafin ɗacin ya fita, to ina ruwan? Yunwa na cinmu muna kallon abinci a bishiya.

Sai gidaje suka fara tashi. Ka wayi gari ka ga an ɗaure ƙofar maƙwabci da igiya, sun kora dabbobinsu sun yi kudu. Inna ta ce in muka tashi mu ma, garin ya mutu ke nan.

Cikina ya tsufa lokacin, ƙafafuna sun kumbura. Wata rana a hanyar dawowa, gari na hange, tsakuwa ta gangare ƙarƙashin ƙafata, na zube. Tulun ya fashe. Ƙasa ta shanye ruwan nan a gaban idona kafin in miƙe zaune. Gwiwata na jini, amma wallahi ba ita nake yi wa kuka ba. Har hannu na sa ina dangwalar laimar ina lasa. A haka maigidana ya same ni, an je an gaya masa. Ya tsince gutsattsarin tulun daga zanena, ya ɗaga ni, ya riƙe ni har gida a gaban mutane, abin da ba a yi.

Ina ɗaki na ji shi yana magana da Baba a tsakar gida.

"Baba, ni zan sauka."

"Ba tamu ba ce."

"To ta wa ce? Su sun ce ta kowa ce, kowa kuwa ya zauna. Yau tulu ne ya fashe. Gobe fa?"

Baba ya ce, "Allah shi kai mu gobe."

Ana sauka rijiya ne idan rana ta tsaya tsaka, don haskenta ya kai ƙasa. Gari duka ya fito, abin da ya rage na gari. Agali ya kawo bijiminsa na jan ruwa, domin tun faɗuwar akuyarsa kunya ke damunsa. Aka janye ƙaya, aka ɗauke itatuwa, aka yaye zanar. Na zaci ɗoyi zai kore mu. Babu wani ɗoyi mai yawa. Babu komai. Na leƙa, ban ji sanyin nan da tsohuwar take hurowa ba, ban ji ƙanshin ƙasa ba. Rami ne kawai, baƙi, shiru. Tsikar jikina ta tashi cikin wannan rana mai ƙuna.

Muna da farin zakara a gida, na tsohuwar rijiya, tun da ta rufta yake yawonsa ba aikin komai. Ni na kamo shi da safe na zo da shi cikin kwando, ba wanda ya sa ni. Na ga an ɗaura sandar zama a igiya, na ga maigidana ya tuɓe riga, ba wanda ya waiwayi kwandon. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa yi wa Baba magana kai tsaye ba, sai ta bakin Inna. Ranar na matsa, na durƙusa da cikina, na ce, "Baba, ga zakara. Ba a tambaya ba."

Wasu mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Baba bai yi ba. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ɗiyata, wa za mu tambaya? Gaban idonmu anka haƙa ta, gaban idonmu anka zuba siminti. Babu kowa ciki. Namu ya tashi tun da ɗakinshi ya rushe. Wagga kango ce, ba a sallama a kango."

Tsofaffin da ke wurin duk suka ce gaskiya ne. Maigidana ya dube ni ya kashe mini ido, ya ce, "Riƙe shi da kyau, in na hito mu yi miya da shi." Ya yi bisimilla, ya hau sandar, aka fara sakin igiya.

Al'adar masu sauka ce su yi ta magana, don na sama su san lafiya. Shi kuwa dama bakinsa ba ya shiru. Muna jin sa yana tsokanar Agali, wai zai kawo masa akuyarsa ya biya kuɗin kiwo. Yana cewa simintin nan santsi, ba wurin sa ƙafa. Muryar tana ƙanƙancewa, tana zagayawa a bango kafin ta iso mu. Can igiya ta yi sako-sako, ya kai ƙasa. Ya ce ruwan iya idon sawu ne, a zuro guga. Aka zura.

Sai muka ji ya ce, "Baba."

"Na'am."

"Nan da daɗin zama."

Baba ya ce, "Mi ka ce?"

Ya sake wata magana, a hankali, kamar mai magagin barci. Ba wanda ya gane ta. Daga nan ba mu sake jin komai ba.

Baba ya kifa cikinsa a bakin simintin ya kira sunan ɗansa. Rijiyar ta maido masa da sunan. Ya sake kira, ta sake maidowa. Ya daka tsawa, "Ku ja!" Agali ya kora bijimin, mu mata muka kama igiya muka ruga da ita. Tun jan farko na san abin da ake ciki, domin igiyar ba nauyi. Sanda ta fito ita kaɗai tana lilo. Ashe maigidana ya kwance kansa daga igiyar don ya yi aiki, kamar yadda kowane mai yasa yake yi.

Wayyo Allah! Inna ta zube. Baba ya cafke sandar zai hau, tsoho da shi. Agali ya rungume shi ta baya, suka yi ta kokawa, yana cewa, "Tsoho, in ka tahi biyu za mu rasa!" Ni ban yi kuka ba a lokacin. Haushi ne ya cika ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ɗauki kwandon na dangwarar a gaban Baba, na ce, "A tambaya!" Ni ce na ɗaga wa surukina murya a gaban gari.

Da hannunsa ya ɗaura kwandon. Aka zura. Jiran nan ya fi tafiyar ƙorama tsawo. Da aka jawo, zakaran yana kwance, wuyansa ya langaɓe, idonsa a rufe. Babu rauni, babu jini, ko gashinsa bai jiƙe ba. Baba ya ɗaga shi a tafin hannu yana kallo. Ya ce, a hankali, "Ashe akwai kowa."

Ba wanda ya ba da umarni. Mata suka watsu daji da gatari da hannu, aka karyo sabara, aka karyo kalgo, duk abin da ke da ganye a wannan bazara. Aka ɗaure a igiya. Muka yi ta zurawa muna jawowa, zura, jawo, tafin hannunmu ya saɓule, ba mai jin zafi. Ni ma ina ciki, an hana ni na ƙi. Muna yi ina cewa a raina ko barci ne ya ɗauke shi, ko fifitar nan za ta tashe shi. Wajen la'asar aka kawo kazar maƙwabta aka zura. Ta fito tana kyarkyara.

Baba da kansa ya sauka, wannan karon ba wanda ya hana shi. Ya ɗaure ɗansa a igiya muka jawo. Daga baya ya gaya wa Inna a zaune ya same shi, ya jingina da bango, ƙoƙon yasa a cinyarsa, kamar wanda ya zauna hutawa. Fuskarsa lafiya lau. Ruwan da aka yi masa wanka da shi, kowane gida ne ya kawo ɗan abin da ke gindin randarsa.

Na zaci Baba ba zai sake kallon wurin ba. Bayan addu'ar uku sai ga shi ya fito da igiya a kafaɗa. Ya kira gayya, kuma wannan karon babu wanda ya zauna gida, har makafi sun zo sun kama igiya. Aka tambaya, aka yi fifita, aka sake tambaya, ya sauka. Kwana da kwanaki yana turo yashi da ƙasusuwan akuya da ruɓaɓɓun gugogi. Ranar da idon ruwa ya buɗe, guga ya fito cike yana zuba, ba wanda ya yi guɗa. Maigari ya tsaya ya ce, "Wagga rijiya ta samu uba." Suka sa mata sunan maigidana. Har yau da shi ake kiranta, yara ƙanana suna faɗinsa da safe da yamma, ni kuwa sai dai in ce zan je can.

Ruwan farko ya sauka ina naƙuda. Na haifi namiji, aka yi masa laƙabi da Audi, kamar yadda ake yi wa wanda bai tarar da ubansa ba. Ranar suna Baba ya ce rijiya gadon yaron nan ce, shi zai riƙa masa kafin ya girma. Na ce ban yarda ba. Na ce ta ci ɗaya, ba za ta ci biyu ba, zan goya ɗana in koma gidanmu. Inna ta yi lallashi, na ƙi. Baba ya zo ƙofar ɗakina da kansa, ya tsuguna, tsohon da gari ke tsugunawa gabansa.

Ya ce, "In ba ta da mai ita, haka za ta sake zama, wani ɗan wata ya sake sauka. Ki faɗi abin da kike so."

Na ce, "Zakara a hannuna zai zauna. Ba mai sauka sai ni na zura, ni na jawo, ni na duba."

Ya ce, "An ba ki."

Mutanen gwamnati sun zo daga baya, da damina ta yi nisa. Suka leƙa suka ga ruwa, suka ce madalla, suka juya.

Tun daga nan ba shekarar da ba a yashe ta ba. Na sake aure, na haifi uwar Rabi, zama ya kawo ni Tawa, amma duk inda nake sai an zo an ɗauke ni. Audi ya sauka har gwiwoyinsa suka gaji, yanzu ɗansa Sani ke sauka. A tsakanin nan an kawo wa garin famfon tuƙa-tuƙa, ya yi zamaninsa, wani ƙarfe ya karye a cikinsa, yana nan tsaye awaki na ɗaure a jikinsa. Shekarun baya aka kafa babban tanki a sama da allunan hasken rana, abu gwanin kyau. Ranar buɗewa ina garin, aka zaunar da ni a kujera gaba-gaba. Na kira wani yaro cikin masu aikin na ce, "Ɗana, wa kuka bar wa shi?" Ya ce, "Na kowa ne, Hajiya." Sai da na ji sanyi har cikin ƙashina. Audi ya ce tun watan jiya tankin ya tsaya, ana jiran masu gyara, gari duk ya koma kan igiya.

Da na kai nan Rabi ta dubi zakaran. Can ta ce, "Kaka, ai a lakwal, makarantarmu ta boko, an gaya mana. Ramin da aka rufe da mushe a ciki numfashi ne ke ƙarewa a ƙasansa. Ba kowa a ciki."

Na ce, "To. Kakan Audi ma haka ya ce."

Jibi in Allah ya kai mu zan zauna a bakin simintin nan, ya tsufa yanzu, igiya ta yi masa layi-layi kamar na tsohuwar. Zan sa zakara a kwando in zura da hannuna. Mutanen gari suna ganin bakina na motsi, suna cewa tsohuwa na tambayar mai wurin. Ban taɓa gyara musu ba. Na san inda aka binne maigidana, ina ganin tudun kabarin daga bakin rijiyar inda nake zama, na kuma san abin da malamai suka ce. Amma duk da haka, idan kwandon ya ɓace cikin duhu, sai in sunkuya in yi ƙasa da murya in ce, "Maigida, ni ce. Ga jikanka nan zai sauko, ka bar mini shi ya hito."